Gajeriyar Hanyar Rifki Aga

"Ku ɗaure mini ido da mayafi, ku yi ta juya ni har jiri ya kwashe ni, sannan ku jefa ni cikin duk ramin da kuka ga dama a ƙasar Kapadokiyar nan. Wallahi sai na fito muku lafiya lau, ko ƙura ba za ta taɓa hulata ba!"

Rifki Aga ke nan a shagon shayin ƙauyenmu, ƙafa ɗaya bisa kujera, hannun dama na murza gashin baki, carbi na lilo a na hagu. Aboki, in ba ka san Rifki ba, gyara zama in gwada maka shi. Gajere ne kakkaura, tumbinsa kan riga shi yin sallama a kowane gida. Shi kansa "Aga" ɗin, wanda a wurinmu sai mai ƙasa da dukiya ake kira da shi, ba wanda ya naɗa masa. Shi ya liƙa wa kansa ranar da ya gaji wata 'yar gonar inabi da jaki zai ƙetare kafin ya gama kuka ɗaya.

Ka san dutsenmu sunan dutse kawai gare shi. Toka ce da tsaunin Erjiyes ya amayo tun duniya na ƙuruciya, ta daskare ta tsaya tsiri-tsiri, da diga ake yankanta kamar sabulu. In matarka ta haihu, ka ɗauki diga ka ƙara ɗaki. In ta sayo sababbin kwanuka, ka ƙwaƙule mata bango ta jera. Haka kakanni suka yi ta yi har ƙasar ta zama rami bisa rami. A faɗar Rifki kuwa, rabin ramukan nan kakansa ne ya haƙa su da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da kofin shayi.

"Yaya," in ji Husnu mai aski, ƙanin matarsa, wani siriri mai dogon wuya wanda ba ya iya ganin ƙarya ta wuce bai take mata wutsiya ba, "ba kai ne bara ka shiga rumbun dankalinka ka kasa fitowa ba, sai da Yaya Nazmiye ta bi ka da fitila?"

"Dubawa nake yi. Mai dubawa ba ya gaggawa."

"Da kuka ake dubawar?"

"Ƙura ce ta shiga mini ido. Kai me ka sani a duniya ban da ƙeyar mutane?"

Abin da ya sa ya hau kujera ran nan maganar ɗansa ce. Tahsin, ɗansu tilo, maginin tukwane, yaro salihi da bai gaji komai na ubansa ba, ya daɗe yana mutuwar son Gulizar, 'yar Haji Durmush na ƙauyen Saritash da ke bayan tsauni. Haji kuwa mutum ne mai wuyar sha'ani. Ya yi ta ja musu rai har Tahsin ya rame, wuyansa ya fita, sannan ya aiko cewa su zo neman aure ranar Lahadi bayan azahar. Ya ƙara da cewa in aka kira la'asar bai ga uban yaro a tsakar gidansa ba, to ya ɗauka sun fasa, ga ɗan wani dillalin lemo nan ya daɗe yana zarya. A al'adarmu uwa ba ta nema, kawu ma ba ya nema muddin uba na numfashi. Wato dai duk rayuwar Tahsin ta rataya a bakin Rifki, bakin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, sai dai ƙafafun da ke ɗauke da shi ba su cika isa wuri a kan lokaci ba.

Ranar Lahadi da hantsi Nazmiye, matar Rifki, ta gama shiri tsaf. Ga furanni, ga farantin alewa an lulluɓe da farin ƙyalle, ga motar haya a ƙofar gida tana jira. Tahsin ya sa sabuwar kwat, sai gumi yake yi yana leƙen ƙofa. Can sai ga Rifki ya fito cikin kwat ɗin aurensa, wadda maɓallanta suka daɗe da yanke zumunci da kafofinsu, tulun zumar inabi a hammata don tsarabar Haji, 'yar diga soke a ɗamara.

"Digar ta mece ce kuma?" in ji Nazmiye. "Aure za mu nema ko kabari za mu haƙa?"

"Ku shiga motarku. Ni ta cikin dutse zan bi."

"Ta cikin me?"

"Titin nan sai ya zagaya duniya kafin ya kai Saritash. Titi na baƙi ne da masu ɗaukar hoto. Akwai hanyar kakana, ta bi kwari, ta ratsa cikin tsauni, ta ɓulla a bayan masallacinsu. Kafin motarku ta sha kwanar farko ina zaune ina shan shayin Haji."

"Baba, don girman Allah," in ji Tahsin, "yau kaɗai. Gobe in ka so ka bi ta cikin rijiya ma."

"Kai yaro ne, ba ka san mutane ba. Haji yana mana kallon masu kwaɓa laka. In ya ji na ratso dutse na zo, kafin in buɗe baki zai ba ka yarinyar, ya ɗora maka saniya a kai."

Nazmiye ta san mijinta. In ya kafe ko tarakta ba ta janye shi. Sai ta juya wajen ƙaninta.

"Husnu, bi shi. In ya mutu ka zo ka gaya mini inda za a tono shi."

Suka gangara kwari, Rifki a gaba yana tafiyar ƙasaita, Husnu a baya da tulu, don ba a yi nisa ba Aga ya tuna cewa jagora ba ya ɗaukar kaya. Duwatsu tsaye ko'ina, dogaye da gajeru, kowanne da hularsa ta baƙin dutse a ka, kowanne da ƙofofi da tagogin mutanen da suka daɗe da tashi.

"Hanyar ba wuya," in ji Rifki. "Kakana ya ce, in ka ga dutse mai hula, ka yi dama."

Husnu ya tsaya, ya duba gabas, ya duba yamma.

"Yaya, wanne ne ba shi da hula?"

"Mai hular da ta karkace nake nufi."

"Ga guda can ta karkace. Ga wani ma. Wancan tasa ta kusa faɗuwa."

"To ka gani? Duk alamu ne muna kan hanya."

Suka yi dama. Suka ƙara yin dama, don duk inda Rifki ya ga hula sai ya cika wasiyyar kaka. Suka wuce wata tsohuwa zaune a ƙofar kogonta tana fasa kabewa tana shanya 'ya'yan a tabarma. Suka gaishe ta, ta amsa. Aka yi ta tafiya, rana ta hau, kwat ta jiƙe sharkaf. Can sai ga wata tsohuwa zaune a ƙofar kogo tana fasa kabewa.

"Tsofaffin kwarin nan duk kamarsu ɗaya," in ji Rifki ƙasa-ƙasa. "Dangi ne."

"Sannunku da dawowa," in ji tsohuwar. "Kai mai tumbi, wani abu ka yar ne?"

"A'a, Iya. Iyakar ƙasar kakana muke dubawa."

"Ashe ƙasar ba ta da wani girma."

Husnu ya buɗe baki zai tambaye ta hanyar Saritash, Rifki ya take masa ƙafa. Shi, jikan mai diga, a ji a shagon shayi cewa ya tambayi mai fasa kabewa hanya? Gara ya shekara a kwarin.

Wannan karon suka yi hagu. Suka hau wani tudu mai santsi, suka gangaro ta bayan wani ƙaton dutse, kuma rabin gangaren a kan ɗuwawu Rifki ya yi shi. Yana miƙewa sai ya ga wata 'yar baƙar ƙofa a gindin dutsen, iska mai sanyi na fitowa daga ciki. Ya daki ƙirji.

"Ga ta nan! Bakin hanyar kakana! Ka ji sanyin nan? Iskar Saritash ce. Har ƙanshin girkinsu nake jiyowa."

Ya duƙa ya kutsa. Ƙanshi kam akwai shi, domin tulunan cuku ne jere a kife cikin yashi, yadda matanmu ke binne su don hunturu. Bai yi taku mai yawa ba ƙafarsa ta fasa guda, ta nutse har idon sawu. Kafin ya zaro ta sai ga haske daga wata ƙofar, ga mai kabewa tsaye da muciya. Ashe ta bayan gidanta ya shigo.

"Ɓarawo! Iyakar kakan naka har cikin cukuna ta zo?"

"Iya, tsaya in yi miki bayani!"

Muciya ce ta yi bayanin, a gadon bayansa da ƙeyarsa. Ya fito da rarrafe, hula a baki, ya tarar da Husnu ya ajiye tulu ya riƙe ciki.

"Yaya, ya ka baro mutanen Saritash?"

"Ɗauki tulu mu gudu, ɗan banza, tana da kare!"

Suka runtuma cikin wani lungu tsakanin duwatsu, ba su tsaya ba sai da haushin karen ya ɓace. Suna cikin haki sai iska ta kawo musu kiran sallar azahar daga nesa, ba su ma san ta wane ɓangare ba. Nan fa tsoro ya kama Rifki. Ya tuna fuskar Tahsin a ƙofar gida, ya daina wasa, domin duk shirmensa yana son yaron nan fiye da ransa.

"Yaya, bar wasa," in ji Husnu, shi ma ya daina dariya. "Mu hau tudu mu nemi titi. Ko motar dankali muka samu ta kai mu."

Saura kaɗan Rifki ya yarda. Wallahi bakinsa har ya buɗe zai ce to. Sai tsautsayi ya sa ya jingina da wani kurmin ciyawa, ciyawar ta buɗe, ga rami da matakala sassaƙaƙƙu suna gangarawa cikin duhu. Duk tsoron nan ya bi iska. Gashin baki ya sake miƙewa.

"Titi? Ka ce titi? Durƙusa ka gaida aikin kakana!"

Husnu ya kunna tocilar wayarsa, ya duba ko zai iya kiran yayarsa, ya ga waya ba ta san ma akwai duniya ba. Suka shiga. Da farko a tsaye suke tafiya, sai suka koma duƙe, sai suka koma rarrafe. Mutanen da suka haƙa hanyar nan sun yi ta ne don maƙiyi ya sha wuya, ba su san wata rana masoyi mai tumbi zai biyo ba.

"Miƙo tulun nan," in ji Rifki. "Kai ba ka iya rarrafe ba, za ka fasa mini tsaraba."

Ya sa tulu a gabansa yana turawa da goshi, hanya kuma ta fara hawa. Suka zo wani matsatsin wuri. Tulu ya wuce, kai ya wuce, kafaɗu suka wuce da ƙyar, tumbi ya ce shi nan ya ga wurin zama.

"Me ya faru?" in ji Husnu daga baya.

"Hutawa nake yi."

"Ƙafafunka na ta harbin iska."

"Tura ni, mai askin banza! Tura!"

Husnu ya sa kafaɗa a inda ya samu, ya yi bisimilla, ya danna. Maɓalli ya tsinke, wando ya yi wata ƙara marar daɗin ji, Rifki ya fice fit, ya kai wa tulu karo da ka. Tulu ya dare biyu. Tun da hanyar hawa ce, zumar ba ta da inda za ta sai kansa. Ta bi hula, ta bi gashin baki, ta shiga wuyan riga, ta gangara har cikin takalmin da ke cike da cuku.

"Tsarabar Haji ta isa?" in ji Husnu.

"Ba a fasa ba. A jikina zai ji ƙanshinta ya san irin inabin da nake nomawa."

Suka ɓulla wani ɗaki mai ɗan faɗi inda mutum zai iya tsayawa. A gefen ƙofar da suka fito akwai wani ƙaton dutse mai da'ira, kamar na niƙa, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, tsaye a cikin tsagarsa, wani ɗan dutse ya tokare shi. Rifki ya ga dama ta samu ta maido da mutuncinsa. Ya lashe gashin baki, ya gyara murya.

"Ka san wannan? Ina za ka sani. Ƙofar mutanen da ce. In maƙiya sun taso, sai a mirgina shi ya toshe hanya, ko runduna ba ta buɗewa daga waje. Kakana da yatsa ɗaya yake rufewa, da yatsa ɗaya yake buɗewa. Sirrin yana ga ɗan dutsen nan. In ka ɗan taɓa shi haka..."

"Yaya, kada ka..."

Ya ɗan taɓa shi da diga. Ɗan dutse ya yi tsalle gefe. Babban ya yi gurnani, ya mirgino a hankali cikin natsuwa, ya zauna daram a bakin hanyar da suka shigo. Ƙura ta tashi ta kwanta.

"To," in ji Husnu, "ga maƙiya sun kasa shigowa. Yanzu kawo yatsan."

Rifki ya sa yatsa. Ya sa hannu. Ya sa kafaɗa, ya sa baya, ya sa tumbi. Husnu ya taya shi har jijiyoyin wuyansa suka fito. Dutsen nan ƙarti majiya ƙarfi aka yi wa shi, bai ma san ana tura shi ba.

"Da ma gaba za mu," in ji Rifki yana haki. "Me za mu koma yi a baya?"

Gaban ma ba nisa. Hanyar ta ɗan yi kwana, ta hau, ta ƙare a bango. Rifki ya shafa bangon sama da ƙasa, ya zauna daɓas. Wannan karon ba ƙura ce ta shiga masa ido ba. Ya ga Tahsin zaune a tsakar gidan mutane, kai a sunkuye, ana kallonsa da tausayi, ya ga ɗan dillalin lemo yana shigowa da murmushi.

"Husnu, na kashe yaron nan," ya ce. "Da bakina na kashe shi."

Husnu ya zauna kusa da shi. A nan ne suka ji wani sauti ta bayan bango, ƙasa-ƙasa, guu, guu, guu, kamar taro na ƙus-ƙus. Rifki ya manna kunne, kunnen ya liƙe saboda zuma.

"Mata ne! Matan Saritash ne suna gulma! Ban gaya maka ba?"

"Matan Saritash duk mura suke yi?"

"Matsa ka ba ni wuri!"

A nan dai diga ta yi ranarta. Rifki ya yi ta sara kamar wanda aljanu suka hau, dutse na zubowa gari-gari. Da ya ga 'yar kafa ta buɗe bai tsaya leƙawa ba. Ya ja da baya, ya ruga, ya doki bangon da dukan abin da Allah ya ba shi. Bango ya tafi, Rifki ya bi shi, ya faɗa ƙasa da ka cikin wani abu mai laushi, mai ɗumi, mai warin da ke sa ido hawaye. Sai wuri ya kece da fukafukai.

Aboki, ɗakin tattabaru ne. Mu nan ba ma cin tattabara, ba ma wasa da ita. Mukan sassaƙa mata ɗaki can sama a jikin dutse, mu toshe ƙofar da laka, mu bar mata 'yan kafofin shiga, sai shekara ta zagayo a fasa a kwashe kashin. Ƙasarmu toka ce, in ba takin nan ba inabi ba ya ko kallonka. Mutum ya fi tsaron ɗakin tattabarunsa a kan rumbunsa, kuma a cikin ɓarayi ba wanda aka raina kamar ɓarawon taki. Wannan ɗakin kuwa lokacin fasa shi ya kusa, ya cika har gwiwa. Rifki ya yi ta birgima yana neman miƙewa, zuma na kama duk abin da ta taɓa.

Husnu ya leƙo ta saman ramin ya haska shi.

"Innalillahi! Yaya, kai ne, ko dodon da ya cinye ka ne?"

Gashin tsuntsu ya cika wa Rifki baki. Ya hango hasken rana ta 'yan kafofin, ya lallaɓa ya kama guda, ya faɗaɗa ta da diga, ya cusa kai don ya sha iska. Kunnuwa suka wuce, suka ce ba su san hanyar komawa ba.

Da idonsa ya washe sai ya duba ƙasa. Tsakar gida ce a gindin dutsen, da rumfar inabi, da kujeru a jere. Ga furanni a kan tebur. Ga Nazmiye ta haɗe rai. Ga Tahsin, kai a sunkuye. Ga wani dattijo mai farin gemu ya miƙe tsaye, baki buɗe, yana kallon tattabarunsa sun tashi gaba ɗaya sun rufe sama. Can a masallaci kuma lasifika ta fara ƙoƙ-ƙoƙ, ladan na gwada ta.

Haji Durmush ya sauke ido ya ga wani kai mai gashin tsuntsu ya toshe masa kafa.

"Ɓarawon taki! Da rana tsaka! Ku miƙo mini bindigata!"

"Haji, bar bindigar," in ji Nazmiye, ko tashi ba ta yi ba. "Ni ma na so a harbe shi, amma ba yau ba. Uban yaro ne."

"Uban wa?"

"Salamu alaikum, Haji," in ji kan daga sama. "Mun same ku lafiya? Ya iyali?"

Tahsin ya zabura ya kama hannun dattijon. "Haji, ba a kira sallar ba tukuna! Ka ce in ka ga ubana kafin la'asar. Ga shi can, wallahi shi ne!"

Haji ya dubi kan. Ya dubi tattabarun da ke shawagi. Ya dubi Tahsin, wanda hawaye ya cika wa ido, sannan ya waiwaya ƙofar ɗaki inda Gulizar ke tsaye da farantin gahawa. Haji mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, amma ran nan an ga gemunsa na rawa shi kaɗai. Maƙwabta kuwa har sun cika rufin gidaje.

"To," ya ce, ya koma ya zauna. "A gidana komai bisa tsari ake yi. Ba a magana sai an sha gahawa. Ku kawo tsani."

Ka san al'adar: ranar neman aure yarinya takan zuba gishiri a kofin saurayi, a ga ko zai shanye bai ɓata fuska ba. Gulizar ta ware kofin Tahsin a gefen faranti. Nazmiye ta miƙa hannu ta ɗauki wannan kofin daidai, ta ba ɗanta.

"Hau ka kai wa ubanka."

"Inna, ai wannan na..." in ji Gulizar.

"Na sani, 'yata."

Tahsin ya hau tsani ya kafa wa ubansa kofi a baki. Rifki ya kurɓa, idanunsa suka firfito. Ya so ya tofar, ya duba ƙasa ya ga rawanin hular Haji daidai saitin bakinsa. Ya haɗiye. Ya shanye tas har guggubin, yana hawaye, jama'a na tafi daga kan rufi.

"Yanzu muna saurare," in ji Haji. "Me ke tafe da ku?"

Wata tattabara ta dawo ta tarar an toshe mata ƙofa, ta sauka a kan abin da ya toshe ta. A haka, da tsuntsuwa a ka, Rifki Aga ya faɗi kalmomin da ubanni ke faɗa, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai ƙara ko gishiri a magana ba.

"Da umarnin Allah, bisa sunnar Manzonsa, mun zo nema wa ɗanmu Tahsin auren 'yarku Gulizar."

"Amin!" in ji wata murya daga cikin dutse. "A kuma tuna akwai mai aski a ciki!"

Haji ya yi ta kurɓar gahawarsa a hankali har sai da Tahsin ya kusa faɗowa daga tsani. Sannan ya ce, "Yaron da ya girma a hannun wannan bawan Allah bai gudu ba, bai haukace ba, zai iya haƙuri da kowace mace a duniya. Na bayar."

Bai rufe baki ba ladan ya ɗaga murya. Tahsin ya diro ya sumbaci hannun Haji, Gulizar ta ruga ɗaki, Nazmiye ta fashe da kuka tana dariya. Sai da aka idar da salla aka tuna da Rifki. 'Ya'yan Haji maza suka hau suka fasa ƙofar laka, suka fito da Husnu, suka shafa wa kunnuwan Aga man zaitun, suka ja shi ta ƙafa har ya zare. Aka sauko da shi tsakar gida, mutane na ja da baya suna toshe hanci.

Kana tsammani ya yi laushi? Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya laluba inda gashin bakinsa yake ya murza.

"Haji, ka dai gani da idonka. Mutum ya ratso tsauni tun daga ƙauyenmu, bai sauka ko'ina ba sai cikin gidanka. Wannan sai jikan..."

"Na gani," in ji Haji.

"To bari in je gida in ɗan watsa ruwa. Nazmiye, ina motar nan?"

"Tsaya, Aga. Gida za ka da wannan duka a jikinka?"

Haji ya zagaya shi a hankali yana dubawa, tun daga hula har takalmi, yana girgiza kai irin na mai ƙiyasta amfanin gona. Sannan ya yafito 'ya'yansa.

"Ku kawo baro. Ku ɗora shi a hankali, kada ya zube a hanya. Ku kai shi gonata ta gangare, ku tsayar da shi a gindin inabin nan da ya ƙi 'ya'ya, ku wanke shi tas a wurin, har cikin aljihu."

"Haji!" in ji Rifki. "Yanzu fa mun zama surukai!"

"Mun zama," in ji Haji. "'Yata na ba ku, Aga. Takina ban bayar ba."